Duwatsun murhun labari

Tukunya ba ta zama bisa murhu sai da duwatsu uku. Haka labari yake. Dutse na farko shi ne masu wasa cikin labarin, mutane ko dabbobi. Na biyu shi ne wuri da lokaci. Na uku shi ne matsala, wato abin da ya hana su zaman lafiya. In babu matsala, mai saurare zai yi barci.

Mu duba littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya cikin 1937.

Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana son ya bi su. Waziri kuwa yana so yaron ya fita don ya halaka. Kowane dare, in Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko wani labari. Kafin ya ƙare, gari ya waye.

Ga masu wasa: Musa, Waziri da aku. Ga wuri da lokaci: fada, da dare. Ga matsala: ran Musa yana cikin haɗari. Aku bai da takobi, da baki ya tsare shi.

Tambayoyi
1. Mi ya sa aku yake jan labari har asuba?
2. In aka fid da Waziri, mi zai rage?

Aiki
Ku nemi tatsuniyar Gizo wurin kakanninku. Gobe ku nuna ma ƴan aji duwatsunta uku.