DARASI: ƊAUKAR NAƘASASSU AIKI

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau na masu ba da aiki ne: mai injin niƙa, tela mai ƴan koyo, kafinta, mai kanti, shugabannin ƙungiyar manoma, kwamitin bankin cimaka, har da magajin gari. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

A kowane gari akwai makafi, da guragu, da kurame, da waɗanda kuturta ta taɓa. Yanzu a rediyo ana ce musu masu buƙata ta musamman. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa cikin mutum 100 na Nijar, fiye da 4 suna da wata naƙasa. Da yawansu bara suke yi a tasha da ƙofar masallaci. Galibi ba ƙyuya ce ta kai su can ba. Sun nemi aiki, aka dubi ƙafa ko ido, aka miƙa musu sadaka, aka sallame su.

Abin da doka ta ce

Wannan magana ba ta tausayi kaɗai ba ce, akwai doka. Tun 1993 gwamnati ta yi dokar kare naƙasassu. Ta ce duk ma'aikata mai mutum 20 ko fiye, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, ta ware ma naƙasassu gurbi 5 cikin 100. Ma'ana, cikin ma'aikata 20, ɗaya ya zama naƙasasshe. Dokar aiki ta 2012 ta sake ambaton wannan kaso, kuma ta hana a nuna ma mutum bambanci saboda naƙasa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu. A 2019 aka ƙara wata doka don a shigar da su cikin harkokin ƙasa.

Wani zai ce: "Ni yarana uku ne a shago, ina ruwana da wannan doka?" Gaskiya ne, ba ka kai 20 ba. Amma a karkara manyan ma'aikatu nawa ne? In ƙananan masu sana'a ba su buɗe ƙofa ba, dokar za ta tsaya a Yamai, ba za ta iso ƙauye ba.

A dubi aikin tukuna

Kafin ka ce ma mutum "ba ka iyawa", zauna ka tambayi kanka: wannan aiki, da me ake yin shi? Da hannu ne, ko da ƙafa, ko da ido, ko da kunne, ko da kai?

Mai riƙe littafin magazen ɗin ƙungiya, aikinshi rubutu da lissafi ne. Yana zaune, yana rubuta buhu nawa ya shiga, tiya nawa ta fita. Gurgun da ya yi lakwal ko yaƙi da jahilci yana iya wannan sarai. Haka gyaran rediyo da salula, da dukanci, da ɗinkin hula, da sayar da kaya a tebur. Keken ɗinki ma akwai na hannu, akwai na lantarki.

Kurma yana iya kafinta, da walda, da gini, da aikin garka. Makaho yana saƙa tabarma da kujera, yana tufka igiya, yana ɓarar gujiya. Makafi nawa ne suka haddace Alƙur'ani suna karantar da yara? Wanda ya yi makarantar makafi ta Yamai ya iya rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa. Wasunsu sun zama malaman lakwal, wasu suna aiki a ofis.

Amma kada ka yanke mishi sana'a kai kaɗai. Ba kowane makaho ne ke son igiya ba. Tambaye shi abin da ya iya da abin da yake so. Sannan ka gwada shi kamar kowa: ba shi tufa ya ɗinka, ko lissafi ya yi. In ya iya, ɗauke shi. In bai iya ba, gaya mishi gaskiya, ko ka karɓe shi ɗan koyo. Kuma ka yi magana da shi kanshi, ba da ɗan jagoranshi ba. Wannan ɗabi'a ta tambayar yaro "me yake so?" alhali babban mutum yana tsaye gabanka, rashin ladabi ce.

Gyaran wurin aiki

Masu ba da aiki suna tsoron kashe kuɗɗi. Amma yawancin gyaran ba shi da tsada.

In ƙofarka tana da dakali, keken gurgu ba ya hawa. A yi gangare da siminti ko da laka mai ƙarfi. Ga awon: in tudun santimita 10 ne, tsawon gangaren ya kai santimita 120. In ya fi haka tsayuwa, keken zai koma da baya. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90. A rage tsawon tebur, a sauko da kayan aiki inda hannu ke kai. Kada a manta da makewayi. Mutum ba ya wuni wurin da ba ya iya kewayawa, kuma kunya za ta hana shi faɗa.

Ga makaho, ranar farko a zagaya da shi wurin, a nuna mishi ƙofa, da randa, da inda wuta take. Daga nan kowane kaya ya zauna wurinshi. Kada a bar bokiti a hanya. In ka shigo ka faɗi sunanka, in za ka fita ka ce ka fita.

Ga kurma, ka tsaya gabanshi cikin haske don ya ga bakinka da hannunka. Ihu ba shi da amfani. Nuna mishi aikin da hannu, ko ka rubuta in ya iya karatu. Abokan aiki su koyi alamu kaɗan: zo, tsaya, haɗari, kuɗɗi. Wurin inji, ku shirya alamar haɗari da ido ke gani, tun da ba ya jin kira. Zabiya kuwa rana ce ke cutar fatarshi da idonshi: a ba shi aikin inuwa, da malafa, da riga mai dogon hannu.

Tsoron da ba shi da tushe

Akwai masu gudun cin tuwo da wanda ya yi kuturta. Ku sani kuturta tana warkewa. Maganinta kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko wata 12. Asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya shiga shan magani ba ya sa ma kowa cutar. Yatsun da suka gutsure tabo ne kawai. Abin lura ɗaya: hannunshi da ƙafarshi ba su jin zafi sosai, yana iya ƙonewa ko ya yanke bai sani ba. A ba shi takalmi da safar hannu, ya dinga duba jikinshi kowace maraice.

Farfaɗiya ma ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Akwai maganin da ke rage faɗuwa, a nema a likita. Kada a sa mai ita aikin bakin rijiya, ko kusa da wuta, ko hawa bisa. In ta kada shi, a janye abin da zai ji mishi ciwo, a sa tufa ƙarƙashin kanshi, kada a cusa mishi kome a baki. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, a kai shi likita maza.

Maganar lada

Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Su ɗauki gurgu, ya yi aiki daidai da kowa, ranar biya a ba shi rabi, wai ai taimakonshi aka yi. Wannan zalunci ne, kuma doka ta hana. Aiki ɗaya, lada ɗaya. In ana ƙarin girma ko ana aika mutane horo, a sa shi cikin lissafi. Haka kuma in ya makara ba dalili, ko ya ɓata aiki, a yi mishi faɗa kamar kowa. Mai gida ya hana ba'a da kiran mutum da sunan naƙasarshi. Yana da sunan da aka raɗa mishi.

Ma'aikacinka da ya samu haɗari ya naƙasa, kada ka kore shi. Duba wani aikin da zai iya cikin gidan.

Ina za a same su?

Naƙasassu da yawa ba su zuwa neman aiki, don an sha korarsu. Kai ne za ka aika. A manyan garuruwa kamar Damagaram da Maraɗi akwai sarkin makafi da sarkin guragu, sun san mutanensu. Akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da ofishin samar da aiki, ANPE. In za a yi shela a rediyon gari ko a kasuwa, a ce a fili: naƙasassu ma su zo, maza da mata. Ranar 31 ga Yuli ita ce ranar naƙasassu ta ƙasa, 3 ga Disamba ta duniya. Ranakun nan suna baje kayan sana'arsu, ku je ku gani da idonku.

Aikin lissafi

1. Ma'aikata tana da mutum 60. Gurbi nawa ne na naƙasassu?
2. Dakalin magazen ɗinku santimita 30 ne. Gangaren zai yi mita nawa?

Ku yi lissafin a allo, ku kai ma malamin yaƙi da jahilci ya duba.