DARASIN IYALI: IDAN AKA YASHE GIDA, INA MAKOMAR AURE DA YARA?

Darasinmu na wannan wata ya shafi waɗanda abokan aurensu suka tafi suka bar su. Sau da yawa irin waɗannan bayin Allah sukan janye daga Jibi Mai Tsarki, ko kuwa su ji tsoron neman haƙƙin 'ya'yansu, suna zaton yin haka zunubi ne. Ya kamata mu san abin da dokar ƙasa ta tanada, da kuma abin da Ikkilisiya take koyarwa.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Auren da aka ɗaura da takardar magatakardan aure, a majami'ar da gwamnati ta ba izini, yana ƙarƙashin Dokar Shari'un Aure ta Najeriya ta 1970. Babbar Kotu kaɗai ke da ikon raba shi. Mayar da sadaki ko zaman dattawa ba ya kwance shi. Sashe na 15 ya nuna cewa dalilin rabuwa ɗaya ne, wato aure ya lalace har ba shi gyaruwa. Cikin hujjojin da ke tabbatar da haka akwai yashe abokin aure na tsawon shekara 1 cur ba yankewa kafin a kai ƙara.

Sai dai ba kowace tafiya ce yashewa ba. Wanda ya tafi cin rani ko aikin soja da yardar iyalinsa bai yashe kowa ba, gama dole a tabbatar da niyyar barin auren ba tare da dalili ba. Sashe na 18 kuma ya bayyana cewa wanda mugun halinsa ya tilasta wa abokin aurensa barin gida, shi ne doka take ɗauka ya yashe, ko da bai taɓa fita daga ƙofar gidansa ba.

Riƙon yara

A al'adun yawancinmu akan ce 'ya'ya na uba ne. Amma sashe na 71 ya umarci alƙali ya sa amfanin yaran gaba da kome. Zai duba shekarunsu, da wanda suka shaƙu da shi, da makarantarsu, da halin kowane ɗaya cikin iyayen. Wanda bai sami riƙo ba kotu takan ba shi damar ganin yaran, tana kuma iya ɗora masa kuɗin ciyarwa.

Koyarwar Ikkilisiya

Dokar Ikkilisiya ta 1983, lamba ta 1141, ta tabbatar cewa auren masu baftisma da ya cika ba mai ikon kwance shi sai mutuwa. Saboda haka hukuncin kotu yana daidaita al'amuran duniya ne kawai, igiyar sakramenti tana nan. Wanda aka yashe ba shi da izinin sake aure, sai ko kotun Ikkilisiya ta bincika ta gano cewa tun farko auren bai ɗauru ba.

Duk da haka Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, lamba ta 2383, ya yarda a je kotu idan wannan ce kaɗai hanyar kare yara da haƙƙinsu. Lamba ta 2386 ta bambanta wanda ya riƙe alkawari aka yashe shi da wanda ya rushe gidansa da hannunsa. Mai aminci bai yi laifi ba, yana kuwa iya karɓar Jibi Mai Tsarki. Lamba ta 1154 ta Dokar Ikkilisiya ta wajabta ciyar da yara da tarbiyyarsu bayan rabuwa, a kan iyaye duka biyu.

Abin yi

Na farko, a sanar da Fada mai kula da faris tun da wuri, domin a nemi sulhu, kuma a sami izinin Bishop kafin a je kotu. Na biyu, a adana takardun aure da na baftismar yara. Na uku, kada a mai da yara makamin ramuwa, ko a koya musu ƙin uba ko uwa. Zumuntar Mata Katolika da katekistoci su riƙa ziyartar irin waɗannan gidaje.

Don nazari a zumunta: a karanta Markus 10:2-16, a lura yadda maganar aure da ta ƙananan yara suka zo a jere.

Iyali Mai Tsarki na Nazarat, ku yi addu'a dominmu. Amin.