Ganyen Kabeji Don Rage Zafin Kumburi

Mai lambu yakan zubar da ganyen kabeji na waje, ko ya ba awaki. To, yana da wani amfani. Idan gwiwa ta kumbura, ko nonon mai jego ya cika ya yi tauri, sanyin ganyen yakan rage zafi. A 2016 likitoci a Jamus sun gwada shi ga masu ciwon gwiwa, awa 2 kullum har mako 4, kuma ciwon ya ragu.

Ga yadda ake yi:

1. Tsinko ganye mai lafiya, ba wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan ba.
2. Wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, saboda taki da ƙasa.
3. Yanke jijiyar tsakiya, ka murza ganyen da kwalba har ya yi laushi.
4. Shimfiɗa shi a wurin, ka ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ba tam-tam ba. In ya yi yaushi, sake wani.

Mai jego minti 20 ya ishe ta. Kada ta rufe kan nono, kuma kada ta daina shayarwa.

HATTARA: Ganyen kabeji zafi yake ragewa, ba ya kashe cuta. Kada a sa shi a kan gyambo ko saran maciji. In akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko ƙafafun mai ciki da fuskarta suka kumbura, a tafi asibiti ran nan. In an kwana 2 ba sauƙi, haka nan.

Don sanin kwanakin da za ka jira bayan feshi, tambayi malamin gona.