Yadda Ake Gyaran Tufafin 1471 Kafin Taron Tewkesbury

Duk shekara, a ƙarshen mako na biyu na watan Yuli, garin Tewkesbury da ke yammacin Ingila, inda kogin Avon ya haɗu da na Severn, yakan cika maƙil da mutane sanye da tufafin da aka daina yayinsu fiye da shekara 500. Kwaikwayo suke yi na yaƙin da aka gwabza a gefen garin ranar 4 ga Mayu, 1471, ranar da Sarki Edward na Huɗu na gidan York ya tarwatsa rundunar gidan Lancaster, aka kashe Yarima Edward, ɗan Sarki Henry na Shida, yana da shekara 17 kacal. Ɗan kallo zai ga sulke da kwalkwali da tutoci, ya ji ihu da ƙarar ƙarfe. Aikin allura kuwa ba zai gan shi ba, don tun daga Afrilu ake yinsa a kan teburin cin abinci, bayan an taso daga aiki.

Masu wannan harka ba teloli ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai direban babbar mota da ɗan fansho, kuma daga aljihunsu suke sayen yadi. Na yi maƙwabtaka da wata mata da ke ɗinka wa maigidanta da 'ya'yanta da kusan rabin ƙungiyarsu, a wurinta na ga abin da zan faɗa.

Da farko sai an buɗe akwatin da kayan suka kwana a ciki duk hunturu. Warin hayaƙin itacen bara ne zai fara yi maka maraba. Ana ɗaga kowace riga a saitin taga, duk inda haske ya ɓullo ta ƙananan ramuka, to asu ya yi ɓarna. Tsutsarsa ce ke ci, kuma ba ta son komai kamar ulun da ya sha gumi. Maganinta a ɗaure rigar cikin leda a jefa a firiza ta yi mako guda ko biyu. Kayan lilin, wato 'yar ciki da gajeren wando da hular mata, ana wanke su yadda aka saba. Ulu kam ba a kai shi ga ruwa sai dole: a shanya shi ya sha iska, a kakkaɓe busasshen taɓo da buroshi, shi ke nan.

Gyaran kayan lilin ba ya buƙatar dogon bayani, duk mai riƙe allura ya san yadda ake mayar da hammata ko kalmasa bakin hannu. Ƙa'ida ɗaya ce ke da muhimmanci: keken ɗinki sai a ƙarni na 19 ya zo, saboda haka duk ɗinkin da ido zai gani dole ya zama na hannu. Wasu ƙungiyoyin suna kawar da kai idan an yi dogayen layukan ciki da keke, wasu kuma ko wannan ba su yarda ba, kuma gardamar ba ta taɓa ƙarewa. Zaren lilin ake amfani da shi, a ja shi a kan dunƙulen kakin zuma sau biyu ko uku kafin a zura, in ba haka ba zai yi ta gashi yana tsinkewa. Launi ma da nasa hukunci. Shuɗi daga ganyen woad ake samunsa, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na baba, ja daga saiwar madder, rawaya daga tsiron weld. Wanda ya ce shi talakan maharbi ne sannan ya fito da jan alharini mai sheƙi, dariya za a yi masa. A zamanin ma doka ce: a 1463 majalisar Sarki Edward ta ƙayyade irin yadin da kowane mataki na jama'a zai sa, har ta hana talaka takalmi mai tsinin da ya wuce inci 2.

Sai wandon. A nan ake gane wadda ta iya.

Wandon namiji na wancan ƙarni matsattse ne tun daga ƙafa har ƙugu, ya kama jiki tsam kamar an zuba shi, ga shi babu roba a Turai a lokacin. Ulu ne saƙaƙƙe kawai. To ta yaya mutum zai tsuguna a cikinsa? Asirin yana wurin yanka. Idan ka ja yadi ta tsawonsa ko ta faɗinsa ba zai ba ka komai ba, domin zaren tsaye da na kwance kake ja kai tsaye. Amma ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ka ga ya miƙe ya kuma koma. Don haka ake shimfiɗa ƙafar wandon a karkace, a kan digiri 45. Guntayen da aka tono a bakin kogin Thames a Landan, na ƙarni na 14, sun nuna haka mutanen da suke yanka nasu. Yanka a karkace yana cin yadi, kuma ulu mai kyau yana da tsada a Ingila, shi ya sa sabon shiga kan yi dabarar yankawa a miƙe don ya yi tsimi. Ranar farko a fili zai gane kurensa.

Ba a auna wannan wando da tef a je a ɗinko. A jikin mai shi ake gina shi. Maƙwabciyata takan tsayar da maigidan a kan kujera, ta naɗa masa yadin ta bai, ta bi bayan ƙafarsa da fil tun daga dunduniya har sama, tana ja tana lallashi, sannan ta zana layin da alli. Ɗinki ɗaya ne tal ke bin bayan ƙafa. Wajen idon sawu akwai tarko: idan ka matse shi daidai da siririn wurin, zai yi kyau a ido amma ƙafa ba za ta shiga ba, saboda dunduniya da bayan sawu sun fi shi kauri. Kewayen dunduniyar ake bi, a bar karkacewar yadin ta rufe sauran. Bayan ɗinkin wucin gadi sai a rataye wandon ya kwana, domin yadin da aka yanka a karkace yana saki da nauyinsa. Wanda ya yi gaggawar ɗinkin ƙarshe zai tarar da gwiwa ta yi buhu.

Inda kowane wando ke mutuwa shi ne hantsa, kuma kusan duk gyaran bazara a nan yake. Hankali zai ce maka ka sauke hantsar ƙasa ka ba mutum sarari. Akasin haka ne. Hantsar da ta yi ƙasa ita ce ke ɗaure cinyoyi, da mutum ya buɗa ƙafa don ya kai sara, duk ƙarfin ya taru a wuri ɗaya, sai ka ji ɓarar! a gaban dubban 'yan kallo. Dole ta hau sama ta manne da jiki, ta yadda kowace ƙafa za ta yi motsinta ita kaɗai. Wajen gyara, ba a mayar da allura cikin tsofaffin ramukan, don zaren wurin ya riga ya gaji. Ana farke ɗinkin har a wuce inda ya yage, a yanko faci daga ragowar yadin bara (shi ya sa maƙwabciyata ba ta zubar da ko tsinke), kuma facin ma a karkace, karkacewarsa ta bi ta wandon. Faci mai miƙaƙƙen yanka a kan wando mai saki, sabuwar yaga ce kawai ka shirya a gefensa. Ɗinkin kuwa mai komawa baya ne, allura ta yi gaba taki biyu ta dawo ɗaya, saboda shi ne ke iya miƙewa tare da yadin. Kuma ba a jan zaren da ƙarfi. Wannan sassaucin hannu ba ya koyuwa da baki. Na ga ta farke aikin da ni a idona babu abin da ya same shi, don kawai ta ja shi tsakanin yatsunta ta ji bai ba da kai ba.

Daga nan sai gwaji. "Tsuguna in gani. Durƙusa. Ɗora ƙafa kan kujera kamar za ka taka likkafa." Maigidan kuma yana yi yana gunaguni, ita tana bayansa ta kasa kunne ko za ta ji zare ya yi ƙara.

Wandon ba shi da zariya. Da 'yan igiyoyi masu kan tagulla ake ɗaure shi a jikin matsattsiyar rigar sama, ta ƙananan ramuka bibbiyu da ke kewaye da ƙugu. Ramukan nan ba a yanka su da almakashi. Basilla ake turawa a hankali ta raba zaren ba tare da ta tsinka ko ɗaya ba, sannan a zagaye bakin da ɗinki, ana mayar da basillar jifa-jifa don kada ramin ya rufe. Wanda aka yanka, kafin bazara ta ƙare ya yage. Na baya su suka fi shan wahala, kuma zane-zanen wancan zamani suna nuna ma'aikata sun kwance nasu na baya idan za su sunkuya, dabarar da masu kwaikwayo suka ara ba kunya.

Na ƙarshe, kuma mafi cin yatsa, rigar kariya ce ta sojan ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifida a hawan sallah ya san tunanin, sai dai a nan lilin ake jerawa fale-fale a ɗinke. Wata doka ta Sarki Louis na 11 na Faransa ta nemi a yi ta da ninki 25 zuwa 30 haɗe da fatar barewa. Kaɗan ne ke kai wannan adadi yau, don zafin Yuli a cikinta ba wasa ba ne. Tsatsar sulke tana cin kafaɗa, gumi yana cin wuya da hammata, sai a cire fallen sama na wurin a sa sabo, ana soka allura ta fita baya a sake dawo da ita, taki ɗai-ɗai, wani lokaci har da filaya ake jawo ta. Tabon tsatsar da bai huda yadi ba kuwa ba a taɓa shi, mai rigar ma ba zai yarda ba.

Kayan yara ba a ɓata musu lokaci: a sauke kalmasar da aka naɗe bara, abin da ya yi kaɗan a miƙa wa ƙanen wani a ƙungiya. Saura mako guda, kowa ya sa nasa ya wuni da shi a gida, ya hau bene ya sauko, ya zauna ya tashi. Sannan a naɗe, a haɗa da 'yar jakar fata mai allura da zaren lilin da kaki da basilla da guntayen ulu da aka riga aka yanka a karkace, domin yaƙi biyu ake yi, Asabar da Lahadi, kuma da wuya na Asabar ya ƙare ba a kawo wa maƙwabciyata wando uku ko huɗu bakin tanti ba.