Yadda Ake Ɗorin Karaya, da Yadda Ƙashi Ke Haɗewa

A unguwannin Gombe irin su Bolari, Jekadafari da Pantami, idan ɗan acaɓa ya zubar da fasinja, ko yaro ya faɗo daga kan mangwaro, sau da yawa zauren maɗori ake fara nufa kafin Asibitin Koyarwa na Tarayya. Sana'ar gado ce. A gaban uba ake koyonta, tun ana yaro mai riƙe ƙafar majinyaci.

Maɗori yakan lalubi wurin da yatsu har ya ji inda ƙashin ya rabu. Ƙarti biyu su danne mutum, shi kuma ya ja, ya daidaita bakin karayar, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma.

Wajen ɗauri ake gane gwani. Kwanakin farko gaɓar kumbura take yi, tsumman da ya zauna daidai da safe yana iya shaƙe hanyar jini kafin dare. Don haka gwani ba ya matsewa tamau. Yakan bar yatsu a waje, ya danna farce ya saki, ya ga ko jan ya dawo nan take. In yatsun suka yi sanyi, suka soma baƙi, ko yaro ya kwana yana ihu, sai a kwance maza a nufi asibiti. Likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannuwan yara saboda ɗaurin da ya wuce kima, alhali karayar da kanta ba za ta kai ga haka ba. Wadda ƙashi ya huda fata kuwa, ta asibiti ce tun farko.

Sauran aikin na jiki ne. Jini ya taru ya daskare tsakanin ɓarin biyu, cikin mako 2 zuwa 3 guringuntsi ya maye gurbinsa, sannan kalsiyam ya zauna a ciki ya taurare, yawanci a mako 6 zuwa 12.

Wannan hanyar yawancin ƙasusuwa suka bi tun a cikin uwa, daga guringuntsi. Ana haihuwar jariri da ƙasusuwa wajen 300, suna haɗewa har su koma 206 a jikin babba. Ƙashin yaro yana kan ginuwa, shi ya sa ya fi na dattijo saurin kamawa. Ƙullin da ake shafowa a wurin karayar kuma, jiki na sassaƙe shi a hankali, wata da watanni.