WARIN DANSHI A TUFAFI: DALILINSA DA MAGANINSA

Jama'a, kowa ya san yadda watan Agusta yake a ƙasar Zazzau. Ruwa yakan fara tun Mayu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, amma a Agusta ne marka ke kamawa, a yi kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba. Rafin Kubanni ya cika, bangon ƙasa ya sha ruwa, daɓen ɗaki ya yi sanyi. A lokacin nan ne uwargida kan buɗe akwati ta ji wani wari ya buge ta, ta ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikin zane. To, darasinmu na yau a kan wannan wari ne.

DAGA INA WARIN KE FITOWA?

Fumfuna ce ke kawo shi, irin wadda kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu. Irinta yana yawo cikin iska kamar ƙura, ido ba ya ganinsa. In ya sauka a kan tufa mai danshi sai ya tsiro. Abincinsa kuwa gumi ne, da dauɗa, da maiƙo. Tare da fumfunar akwai ƙwayoyin cuta masu son laima, su ma suna ba da wari. Kwana ɗaya ko biyu sun ishe su su kama jiƙaƙƙen kaya. Watau in kun ji warin nan, ku sani wani abu mai rai yana cin tufar. In an ƙyale shi, zaren zai ruɓe, riga ta kece tun ba ta tsufa ba.

ƁARNARSA GA LAFIYA

Na ɗaya, numfashi. Ɗaki mai fumfuna yana ƙara wa mai fuka ciwo. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama cikin ɗaki mai danshi da fumfuna yana ƙara tari, da atishawa, da tashin fuka.

Na biyu, fata. Tufa mai laima tana taimakon makero da ƙaiƙayin matsematsi, tana kuma sa gindin jariri ya saɓule.

Na uku, akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa inda aka yi fitsari, da kuma a kan jiƙaƙƙun tufafi. In an sa tufar, tsutsarsa ta huda fata ta shiga, wurin ya kumbura kamar maruru. Wata damina wata mata daga ƙauye ta kawo mini ɗanta ɗakin shan magani da irin wannan kumburi guda biyar a bayansa. Kwana uku yaron bai runtsa ba. Na shafa man basilin a bakin kumburin na jira kaɗan, sai ga kan tsutsa ya leƙo. Na tambaye ta inda take shanya, ta ce a ƙasa, bayan ɗaki, gindin mangwaro. Igiya ɗaya da ta hana wannan wahala duka.

YADDA ZA A HANA SHI

1. Kada a tara kayan gumi ko na fitsarin yara cikin kwando ko bayan ƙyaure. In ba za a wanke yau ba, a rataye su su sha iska.
2. Kada wanki ya kwana cikin ruwa. Jiƙon awa ɗaya ya isa.
3. A ɗauraye sau biyu ko uku, har ruwa ya fito garau. Yawan sabulu ba shi ne tsabta ba.
4. A matse da kyau, a kaɗe, sa'an nan a shanya a kan igiya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Kada a ɗora wata tufa kan wata.
5. Da damina a yi wanki da sassafe, kaɗan kaɗan, domin kaya su sami ranar hantsi. In hadari ya taso, a mai da su rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa.
6. Kada a ninke tufa sai an taɓa wuya da aljihu da bakin wando an ji sun bushe ƙayau.
7. A yi guga da dutse mai zafi, ciki da baya, musamman kayan yara. Zafin yana kashe ƙwan ƙudan nan.
8. A ɗora akwati ko kwalla a kan katako ko bulo, a janye daga bango kamar taƙi ɗaya. Kada a ɗaure tufafi cikin leda. Duk ranar da gari ya washe, a fito da kayan a shanya, har da tabarma da katifa.

IN TUFA TA RIGA TA KAMA

A fita da ita waje a kakkaɓe, kada a kakkaɓe cikin ɗaki. A jiƙa cikin ruwan zafi da sabulu, a wanke, a ɗauraye, a bar ta wuni guda a rana. Farar tufa mai tabo a shafa mata ruwan lemon tsami da gishiri a shanya, ko a jiƙa ta cikin ruwan bilic gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Amma lalle kada a haɗa bilic da lemon tsami ko wani maganin wanke bayi, gama hayaƙin da ke tashi guba ne. Kayan rini da atamfa ba a sa musu bilic, a juya su a shanya kada su koɗe. Gidan sauro mai magani kuwa a inuwa ake shanya shi. Akwatin ma a goge shi, a bar shi buɗe a rana.

GARGAƊI UKU

Turaren wuta yana rufe wari, amma ba ya kashe fumfuna. A wanke tukuna, a busar, sa'an nan a turara.

Kada a kunna gawayi cikin rufaffen ɗaki don busar da kaya. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda kan kashe mutum cikin barci.

Kada a sa kafur cikin kayan jarirai ko na mai jego. Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, ana haifarsu da jinin da bai jure kafur ba. Yakan farfasa ƙwayoyin jininsu ya kawo shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. In kun ga idon jariri ya yi rawaya, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira gobe.

Maigida, sayen igiya da toshe yoyon ɗaki aikinka ne. Uwargida, wanki da ajiya suna hannunki. Rigakafi dai ya fi magani.

TAMBAYOYI

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gida, sa'an nan ya tambaye su:

1. Mene ne ke kawo warin danshi?
2. Don me ba a shanya a ƙasa?
3. Wane amfani guga ke yi wa kayan yara?
4. Me ya sa aka hana kafur cikin kayan jarirai?