Filin Shawara: Ƙawayena sun ce ina da wulaƙanci

Shekaruna 23, ina zaune a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi. Aminiyata ta tun sakandare ta haihu a Argungu, na yi alkawarin zuwa suna, har anko na ɗinka, sai da ranar ta wuce na tuna. Yanzu ba ta ɗaga wayata. Ba yau farau ba: saƙon WhatsApp sai in karanta in ce anjima zan amsa, ya kwana bakwai. A wurin hira ina katse mutane, ko hankalina ya tafi wani wuri. Tun ina firamare ake ce mini mai kunnen ƙashi. Wallahi ina ƙaunarsu. Me ke damuna?

'Yarki daga Nasarawa

Amsa: Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "tun ina firamare". Akwai larurar da likitoci ke kira ADHD, wato wahalar tattara hankali wuri ɗaya, wani lokaci haɗe da rawar kai da saurin baki. Alamunta kan bayyana kafin shekara 12, tana bin jini sosai, kuma an ƙiyasta tana shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yara, da kashi 2.5 na manya. A 'yan mata aka fi kasa gane ta, domin tasu sau da yawa shiru ce da mantuwa, sai a ce sakarci ne ko raini.

Mai ita abin da ba ya gabanta yakan ɓace mata, ko da mutumin da ta fi so ne. Katse hirar kuma gudun kada maganar ta kuɓuce mata ne kafin a zo kanta. Sai dai a wurinmu rashin zuwa suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙawarki tana da gaskiyar fushi.

Likita kaɗai ke tabbatar da wannan larura, domin rashin barci, ƙarancin jini da damuwa duk sukan yi kama da ita. Fara da Asibitin Sir Yahaya ki nemi a haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa, ko ki je asibitin tarayya na Kware a jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka. Kada ki sayi magani a kemis da kanki.

Amma kafin nan, shiga mota ki tafi Argungu da kayan barka. Ba ta haƙuri tukuna, bayani ya biyo baya idan ta huce. Daga yau duk alkawarin da kika ɗauka, sa wa wayarki ƙararrawa nan take a gaban mai shi. Saƙo kuma ki amsa da murya a lokacin da kika gan shi, ko da "na gani, zan kira ki" ne. Ki roƙi aminanki su taɓa ki idan kin katse su.

Ku kuma iyaye da ƙawaye, kafin ku yanke wa yarinya hukuncin girman kai, ku zaunar da ita ku tambaye ta. Allah ya daidaita tsakaninku, 'yata.